Kayen da Na Yi wa Ɗantala

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kokawa bayana bai taɓa ƙasa ba. In mutane suka faɗi haka sai su riƙa kallona kamar wanda ya gaji fadama, ni ma da can haka na ɗauka. Sunana Ilu, daga wani ƙauye nake a gefen Yammedi, cikin ƙasar Ƙaraye. Ubana Jibo ɗan kokawa ne, a hannunsa na koya, kuma tun ina saurayi na gane fartanya ba ta sona, ni ma ban matsa mata ba. Da an gama girbi sai in ɗaura warkina in bi kasuwanni, Yola ta nan kusa da mu, Ƙaraye, Rogo, har bakin ƙasar Zazzau. In na yi kaye a ba ni riga, a ba ni damin dawa, wani lokaci akuya. Da wannan na yi aure, da shi nake ci da gidana.

Da sunana ya fara fita sai maigarinmu ya jawo ni jikinsa. Ya ce ni ɗan kokawarsa ne, tuwona daga gidansa, duk inda zan kama shi zai zaɓa. Na ji daɗi ƙwarai. Ban lura ba ashe akala aka sa mini, gonata kuwa ciyawa ta ci abinta a hankali.

Ina da makaɗi, Sulle, wani siriri mai baki kamar kasuwa. Shi ya gaji gangar da aka yi wa ubana kiɗa da ita. Kowane ɗan kokawa yana da takensa, kiɗan da ba a yi wa kowa sai shi, kuma tun yana ƙarami ake zuba masa shi a kunne har ya shiga jini. Wanda bai sani ba zai ce ai kiɗa ne kawai. Ni dai ko tuwo nake ci, Sulle ya taɓa takena daga bayan gari, sai na ji tsikar jikina ta tashi, hannuna ya fara rawa. Tsuma ke nan. In ta kama mutum a fili ba ya ganin kowa sai ƙafafun abokin karawarsa.

Ana nan sai yaƙin Turawa ya tashi, aka shiga diban gwamna. Kuza suke so, sai aka ce kowane gari ya ba da mutane a kai su Jos haƙa. Ba a tambayar mutum ko yana so. Maigari ne zai nuna, dogari ya tasa ka gaba. Waɗanda aka fara diba daga garinmu sun dawo da labarin sanyin da ba mu taɓa ji ba, da ɗaukar ƙasa a kwano tun safe har yamma, da tari. Wasu labarinsu kaɗai ya dawo. In kuwa mutum ya ce zai gudu, ƙanensa za a kama a madadinsa, ni kuma ina da ƙane guda mai 'ya'ya ƙanana.

To, in za a nuna mutum, wa ya fi ni dacewa? Ƙato, ba gona, ba sana'a sai rungumar maza. Maigari da kansa ya faɗa mini haka a zaurensa, yana murmushi kamar albishir yake yi mini.

"Ilu, kwantar da hankalinka," ya ce. "Mutane suna ta surutu, wai me ya sa ake diban manoma a bar ka. Na ce musu kai ne darajar garin nan. Muddin bayanka bai taɓa ƙasa ba, ba mai nuna ka."

"Ranka ya daɗe, na gode," na ce. "In kuma Allah ya kawo ƙaddara fa?"

"Ai sai in rasa abin da zan ce musu."

Na fito ina godiya da baki kawai, don akwai abin da maigari bai sani ba. A kakar da ta wuce, a filin Yola, na ɗaga wani ƙaton Bazazzagi na ji wani abu ya ce ƙas a gwiwata ta hagu. Na kayar da shi, na dawo gida ina dariya, da safe ƙafa ta ƙi taka ƙasa. Ban je wajen maɗori ba, don in maɗori ya sani gari ya sani. Matata Kande ce kullum take gasa mini ita da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, ta ɗaure da tsumma a ƙarƙashin wando. Na koyi tafiya daga gida zuwa masallaci ba ɗingishi, in na dawo in faɗi a tabarma ina cije leɓe.

"Maigida, ka je ka gaya masa gaskiya mana," in ji Kande wata rana tana matse tsumman. "Ka ce ka ajiye. Wa aka taɓa kashewa don ya bar kokawa?"

"In na ajiye, ni wane ne a garin nan? Gurgu marar gona. Shi za a fara nunawa."

"Gurgu ma suna ɗauka?"

"Mai tafiya masallaci da ƙafarsa ba gurgu ba ne a wajensu."

Ba hanyar da ba mu juya ba, ni da ita, kowace sai ta dawo da mu wuri ɗaya. In na kama, ƙafa za ta ba ni kunya. In na ƙi kamawa, maigari zai zare hannunsa. Na ji tsoro a lokacin irin wanda ban taɓa ji a fili ba, kuma ban ji kunyar faɗa yanzu ba.

Da kaka ta zagayo, maigari ya aiko aka gaya mini ya haɗa ni da Ɗantala, a filin kasuwar Rogo, nan da mako biyu. Ɗantala ɗan kokawar wani maigari ne ta wajen Falgore, kuma maigarin nasa da namu ba sa ga maciji tun wata rigimar iyakar gona. Sau biyu muna kamawa da shi a baya, duka aka raba mu ba kaye. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga barkwanci, yana murɗa wuyanka yana tambayarka lafiyar iyali. Da ƙafa biyu ma da ƙyar nake tsayawa da shi.

Ranar kasuwar Ƙaraye ina zaune a rumfar mai fura sai ga shi. Muka gaisa, ya tambayi gida, na tambayi hanya, ya zauna ya sha furata ba tare da na yi masa tayi ba. Da na tashi zan tafi ya biyo ni har bayan rumfunan masu tukwane, inda ba jama'a.

"Ilu, tun yaushe?" ya ce.

"Tun yaushe me?"

"Haba. Da hannu ka dafa ƙasa ka tashi, kuma ƙafar dama ka fara turawa. Ka ɓoye wa manoma, ni kuma sai ka ɓoye mini? Ta hagu ce."

Na so in musa, na ga ba amfani. Na ce, "To ka samu. Sai ka gaya wa makaɗinka ya fara shirya waƙa."

Bai yi dariya ba, abin da ban saba gani ba. Da na gaya masa sharaɗin da maigarinmu ya gindaya mini, ya ce shi ma abin da nasa maigarin ya faɗa masa ke nan, kusan kalma da kalma. Ya ce yana ganin masu garin nan tare suke koyon magana. Sa'an nan ya ba ni labarin ɗan baffansa da aka diba bara, ya dawo ba ya iya kwanciya sai a zaune, kwana ashirin ya yi a gida aka binne shi.

"Ni na yi masa wanka," ya ce. "Ba zan tura mutum can da hannuna ba, Ilu, ko da maƙiyina ne, balle kai da nake shan furarka. Sau biyu an raba mu, wa zai yi mamaki in an raba na uku? Mu yi ta murza juna har dattawa su gaji. Ba wanda ya faɗi, ba wanda za a nuna."

"In sun sake haɗa mu fa?"

"Mu sake. Yaƙi ai ba zai dawwama ba."

Ya ciro goro ya ɓare, ya miƙo mini rabi, muka ci. Kafin mu rabu ya ce abu ɗaya: kada makaɗa su ji. Na yarda nan take, don abin da Sulle ya ji da hantsi, kafin azahar matan bakin rijiya sun ƙara masa gishiri. Muna ganin dabara muka yi. Mu biyu, manyan 'yan kokawa, muka tsara komai muka manta da cewa ba mu kaɗai ke shiga fili ba.

Na koma gida ranar da sauƙi a raina. Na gaya wa Kande, ta ɗaga hannu ta yi ta sa wa Ɗantala albarka, mutumin da bara take cewa Allah ya karya shi.

Ranar karawa, tun azahar filin ya cika. Masu gyaɗa sun bar buhunansu, mahauta sun bar tukuba, har kan bishiyoyi mutane ne. Masu garin biyu suna zaune a kan shimfiɗa, tsakaninsu tazarar da ta isa a san ba shiri. Aka fara da ƙanana, aka zo kan matsakaita. Bayan la'asar aka kira mu. Na ɗaure gwiwar tam, na rataya layu a kanta, don a ɗauka asiri ne.

A al'adar filin, karo uku ake yi. Duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ko bayansa ya taɓa ƙasa, an kayar da shi. In an daɗe ba kaye, dattawa biyu su shigo su raba.

Karo na farko ya tafi yadda muka so. Muka sarƙe, muka yi ta ture juna, ƙasa na tashi, jama'a na ihu. Ɗantala gwani ne, yana yin kamar zai ɗaga ni amma duk nauyin yana kai shi ga ƙafata mai lafiya. Har yana raɗa mini a kunne, "Ɗaure fuska mana, kana kama da mai rawar biki." Aka raba. Na biyu ma haka, sai dai na fara jin gwiwar tana zafi kamar an cusa garwashi.

A na uku ne abin ya lalace. Na ja da baya taku ɗaya, diddigena ya faɗa wani ɗan rami, ƙafar hagu ta lanƙwashe gaba ɗaya. Ba ciwo na fara ji ba, ji na yi kawai ƙafar ba ta nan. Na tafi ƙasa. Na riga na ga Jos a idona.

Ban kai ba. Ɗantala ya zura hannunsa ƙarƙashin hammatata, ɗayan ya damƙi ɗamarar warkina, ya ɗago ni ya manna da ƙirjinsa. Daga waje sai ka ce ɗaga ni yake so ya yi ya maka da ƙasa, ni kuma na ƙi.

"Riƙe wuyana," ya ce, numfashinsa yana fita da ƙyar. "Kada ka saki. Jingina da ni, yanzu za su raba."

Na riƙe. Duk nauyina yana kansa, kuma ni ba ƙaramin mutum ba ne. Don ya iya ɗauke ni sai da ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya, ya ɗan gantsare. Ko wanda ya fara kokawa jiya ya san ba a tsayuwa haka a gaban abokin karawa. Ya sani sarai, ya tsaya hakan. Ta kan kafaɗarsa ina hango dattawan nan biyu suna duban juna, ɗaya har ya fara tattara rigarsa zai shigo.

Sulle kuma ya ga abin da kowa bai gani ba. Shekara da shekaru yana bayana, ya san ƙafata ba ta taka ƙasa. A ganinsa maigidansa ne zai faɗi, kuma makaɗi abu ɗaya ya sani a irin wannan lokaci. Ya kutso har tsakiyar fili, ya kawo gangar dab da kunnena, ya saki takena da duk ƙarfinsa, yana kururuwa.

"Ilu ɗan Jibo! Kututturen ƙirya, gatari ya gaji! Jibo bai faɗi a Rogo ba, kai ne za ka fara? Tashi, na Kande, ubanka yana kallo!"

Tsikar jikina ta tashi. Filin ya ɓace, dattawa suka ɓace, goron da muka ci ya ɓace. Ƙafafu biyu kawai na gani a haɗe wuri ɗaya. Ƙafata ta dama ta zagaya bayansu ta taɗe, ƙirjina ya tura. Da a ce a kan ƙafafuna nake tsaye, da ban samu ƙafar yin taɗiyar ba. Na samu ne don yana ɗauke da ni.

Muka tafi tare, shi a ƙasa ni a sama. Na ji ƙarar bayansa.

Da hankalina ya dawo, fuskarsa ce dab da tawa, ƙasa a gemunsa. Bai zage ni ba. Kallona kawai yake yi da mamaki, hannunsa har lokacin yana riƙe da ɗamarata. Kafin in buɗe baki mutanen garinmu sun yi caa a kaina, suka ɗaga ni sama, suka zagaya fili da ni. Haka aka kai ni gaban maigari, aka ɗora ni a jaki, ba wanda ya ga ɗingishi. Maigari ya tuɓe rigar jikinsa ya yafa mini. Sulle yana ta tsalle yana cewa shi ya ceto ni, kuma gaskiyarsa.

A gida Kande ta tare ni da murna, ta ga fuskata, murnar ta koma ciki. Na gaya mata. Ta ce, "Ai ba kai ba ne, kiɗan ne." Na ce haka ne. Ta kwance tsumman, ta ɗora ruwa a wuta, ranar ba ta dubi idona ba har ta gama gashin.

Kwana takwas bayan haka labari ya zo cewa an yi sabon diba ta wajen Falgore, kuma sunan Ɗantala aka fara kira. A ranar ce kuma maigari ya aiko a gaya mini in ci in ƙoshi, ya samo mini wani daga ƙasar Katsina, ƙarshen wata. Yanzu da na kayar da Ɗantala, in ji shi, duk ƙasar nan kowa ni yake son gani.

Na je zaure na durƙusa. Na ce ya taimaka ya aika wa takwaransa, a bar Ɗantala, ko don girman kokawa.

"Ni in roƙi wancan?" ya ce. "Kai ka kayar da shi, ni kuma in tashe shi? Je ka huta, Ilu, rana ta buge ka."

Na so in ce a ɗauke ni a madadinsa. Maganar ta zo har bakina. Na yi godiya na fito.

Ranar da za su tashi na ari jaki na tafi Rogo da sassafe. An tara su a gindin wata tsamiya a bakin hanya, za a tasa su a ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa. Mata suna gefe suna kuka ƙasa-ƙasa, dogarai suna ta kai da kawo. Na hango shi zaune a kan ƙullin kayansa, ba warki, ba laya, da wata tsohuwar taguwa. Ban taɓa lura da gajartarsa ba sai ranar.

Na sauka na ɗingisa zuwa wajensa, ban damu da wanda zai gani ba. Na yi sallama ya amsa. Ya tambayi gida, ya tambayi ƙafa. Na ajiye masa rigar da maigari ya ba ni, na ce an ce can akwai sanyi. Ya juya ta, ya duba ɗinkin.

"Rigar kayena ke nan?" ya ce. "To ai ni na sha wahalarta, gara in sa." Ya cusa ta cikin ƙullin.

"Ɗantala," na ce, "wallahi ban..."

"Bari, Ilu. Na ji taken. Ni ma ɗan kokawa ne, na san yadda take. Da nawa aka kaɗa mini a kunne haka, da abin da zan yi ke nan."

Dogari ya daka tsawa, suka miƙe. Ya saɓa ƙullinsa, ya ce in riƙa ɗaure gwiwar daga ƙasa zuwa sama, ba daga sama ba, sa'an nan ya shiga layi. Na tsaya har suka sha kwana. Bai dawo ba. Waɗanda suka dawo sun ce tari ne, a wata na uku.

Ni kuwa na kama da Bakatsinen nan a ƙarshen wata, na kama da wasu bayansa, da ƙafa ɗaya da dabara da tsoro, har aka daina diba. Duk tsawon lokacin maganar Ɗantala nake rufa da ita. In abin ya taso mini sai in ce ai shi da bakinsa ya faɗa, kowa aka kaɗa wa takensa haka zai yi.

Amma ina cikin filin nan, kuma kunnena biyu. Makaɗin Ɗantala ba barci yake yi ba. Tun da ya ga maigidansa ya ɗaga ni sama ya shigo fili, kafin Sulle ma, ya tsaya a bayansa yana dukan ganga kamar zai fasa ta, yana kiran sunan ubansa, yana cewa ya maka ni da ƙasa. Ƙirjina yana manne da nasa, na ji yadda jikinsa yake tsuma, na ji haƙoransa suna haɗuwa. An kaɗa masa nasa, ya ji, kuma bai sake ni ba.